Tsagar da ke Cikin Jirgin Mutaru

Duk wanda ya san Mutaru a unguwar Mount Hope ta Bronx, can Amurka, ya san shi da fushi. Ba irin fushin nan na wutar kara ba, mai tashi ta mutu kafin a ɗebo ruwa. Nasa garwashi ne a rufe da toka, sai ka taka kake sani. A masallacin da ke ƙasan benensu ba ya wuce gaisuwar wajibi, kuma in an idar da salla shi ne farkon mai neman takalmi. Mata in sun haɗu wajen suna sukan ce wa matarsa Adjara, "Ke dai kin gama samun aljanna, 'yar uwa." Ita kuwa sai ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Ai da ba haka yake ba."

Da gaskiyarta. A Yeji aka haife shi, a zangon da ke bakin tafkin Volta, can ƙasar Gana. Ubansa Alhaji yana da babban jirgin katako mai ɗaukar doya da gawayi da shanu zuwa Makango, ya dawo da busasshen kifi da mata 'yan kasuwa. 'Ya'ya maza biyu tsohon ya haifa, Muniru babba, Mutaru ƙarami, kuma duk bakin ruwan an san wanda ruwa ya fi so a cikinsu. Tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya haɗiye tun lokacin da aka datse kogin, suna tsaye a ƙasa kamar masu, suna jiran cikin jirgi. Tun Mutaru bai fid da gemu ba yake gane inda suke daga yadda fuskar ruwa ke murɗewa. Shi ke baya riƙe da inji, Muniru na gaba yana cacar baki da fasinja.

Sai ga shi ya ci cacar bizar Amurka. Aka yi walima, aka yi kuka, ya taho. Aikin da ya samu, wanda kuma har yau bai bari ba, a wani garejin ajiye motoci ne da ke ƙarƙashin dogon bene a Manhattan. Mutumin da ya tashi da sama a kansa da ruwa ko'ina, ya koma wuni a rami inda babu ko taga. Masu motoci su jefo masa makulli ba tare da sun dube shi ba, su ce, "Mo, a hankali da ita." Mo. Ko sunan nasa sun yi masa kaciya.

Amma ba garejin ne ya haifi fushin ba, ko da yake shi Mutaru haka yake so a ɗauka. A Yeji aka haife shi shi ma.

Da Alhaji ya rasu, Mutaru bai riski jana'iza ba, sai addu'ar arba'in. Bayan addu'a dangi suka shirya ƙetarawa Makango gaida ƙanwar marigayi, a jirgin marigayin, wanda yanzu an sake masa fenti an rubuta sunan Muniru a gefensa. Mutaru ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya nufi baya wurin inji kamar jiya ya bar shi. Sai Muniru ya ɗaga murya yadda har masu wanki a bakin ruwa za su ji.

"A'a, a'a! Ku ba Boga wuri a tsakiya, kusa da iyaye mata. Ku sa masa rigar iyo. Ruwan nan ya manta da shi, kar ya faɗa a ce mun kashe Ba'amurke."

Boga, haka ake kiran wanda ya dawo daga ƙasar Turawa da ƙaton tumbi da agogo. Aka kwashe da dariya, har da 'yan takaba. Mutaru ya zauna tsakanin kwandon kaji da wata tsohuwa, sanye da riga mai kalar lemo, yana kallon wansa na bi da jirgin ubansu ta hanyar da shi ba zai taɓa bi ba. A haka suka je suka dawo. Tun daga nan tsakaninsa da Muniru sai barka da salla, ita ma a rubuce.

Shekaru suka shuɗe, gemu ya yi fari. Wata rana lokacin hutun cin abinci yana latsa waya, ya ci karo da wasu tsofaffin Turawa, miji da mata, sun ƙetare teku a ɗan ƙaramin jirgi mai tafiya da iska. Ya kalla, ya sake kalla. Tsohon nan ko akuya bai yi kama da wanda zai iya ɗaurewa ba. Daga nan ya gano cewa a City Island, nan ƙarshen Bronx, akwai tsofaffin jirage irin wannan jibge a tudu, masu su sun gaji da su, wasu kuɗinsu bai kai na kwarababbiyar mota ba. Iska kuwa ba baƙuwarsa ba ce. Masuntan Yeji da buhun fulawa suke ɗinka ƙyallen da ke tura kwalekwalensu.

Ya yanke shawara: zai sayi jirgi, ya tuƙa shi da hannunsa har tashar Tema, a bakin tekun Gana.

To, Tema ba Yeji ba ce. Tsakaninsu akwai madatsar Akosombo da tafiyar wuni a mota, kuma Mutaru ya fi kowa sani. Ba kewar gida ke damunsa ba, don fasfonsa na cikin akwati, in ya so gobe ma sai ya hau jirgin sama. Abin da yake so ɗaya ne: labari ya isa kunnen Muniru a bakin ruwa, a gaban mutanen nan da suka yi dariya, cewa ƙaninsa ya ƙetaro teku shi kaɗai. Ya ga yadda bakin zai iya sake cewa ruwa ya manta da shi.

Tafiya ba a shelarta, baki na cin ta tun ba a fara ba, haka ya taso ya ga ana yi. Don haka bai gaya wa kowa ba sai Issoufou, shi ma don dole, saboda mutum ba ya cinikin abin da ransa ke so da kansa, fuskarsa za ta tona shi. Issoufou mutumin Maradi ne mai sayar da huluna da tabarau a bakin titi a Harlem. Ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, amma an ce zai iya sayo raƙumi a kuɗin jaki.

Ranar wata Lahadi suka hau jirgin ƙasa har ƙarshen layi, bas ya ƙetare gada da su zuwa City Island. Jirgin ruwan da suka zo dubawa na can ƙarshen wani fili a kan ƙafafun ƙarfe, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsa. Farinsa ya koma toka-toka. A cikinsa kuwa jan katako ne mai sheƙi, da gado, da ɗan murhu. Mutaru ya shafa katakon, ya ji zuciyarsa ta buga irin bugun da ta daɗe ba ta yi ba. Ya sauko ya leƙa ƙasa. Wani dogon ƙarfe mai nauyi na manne da cikin jirgin don kar iska ta kifar da shi, kuma daidai inda suka haɗu akwai tsaga, tsawon kamu ɗaya, bakin wuƙa zai iya shiga.

Mai jirgin, wani tsohon Bature mai dogara sanda, bai ɓoye ba. Ya ce dutse ya daka da shi, ya fid da shi tudu, gwiwoyinsa kuma suka hana shi komawa ta kansa.

Issoufou ya dafe kai. "Innalillahi! Wanga ba jirgi ba ne, makara ce. Mutaru, mu tahi, ina da iyali!"

"Ci gaba da kukan," Mutaru ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, yana ɗaure fuska. "Tsagar ba komai ba ce. Ƙishirwa ce kawai."

Kowane ɗan Yeji ya san wannan. Jirgi in ya daɗe a tudu yakan bushe ya buɗe baki. Sai a cusa auduga a tsagar, a tura shi ruwa, a yi ta kwashe abin da ya shigo. Katako ya sha ya kumbura, tsagar ta rufe ruf, ko allura ba ta shiga. Ya sha yi da ubansa.

Ya ƙwanƙwasa cikin jirgin da bayan yatsa. Ƙarar ba ta katako ba ce. Tsohon ma ya faɗa da bakinsa, ya ce faiba ce, wata irin roba mai tauri. Mutaru ya ji sarai. Sai ya gaya wa kansa ai shafe ne, kamar yadda ake shafe jirgi da kwalta a gida. Tun da ciki katako ne, ƙasan robar ma katako ne. Tambaya ɗaya ta isa ta raba gardama, amma bai yi ta ba, don ya san amsar na iya ƙwace masa jirgin.

"Ka kawo masani ya duba maka kafin ka biya," in ji tsohon. "Ba na son in ji labarinka a talabijin."

Nan tokar da ke rufe da fushinsa ta yaye. Abin da Mutaru ya ji a maganar daban ne da abin da tsohon ya faɗa: muryar Muniru ya ji tana cewa ruwa ya manta da shi.

"Ni ne masanin," ya ce da Turanci, yana nuna ƙirjinsa.

Tsohon ya rage kuɗi ba tare da ja-in-ja ba, aka sallama. A bas Issoufou ya ce, "Bon, to. Ni dai tun da nike ciniki ban ga mai kaya ya sallama da sauri haka ba, sai in kayan sata ne ko mushe."

"Bai san abin da ke hannunsa ba ne. Yau ɗaya dai na ci Bature."

Duk hutun da ya samu a bazarar nan a filin ya ƙare. Ya wanke, ya goge, ya ɗinke ƙyallen iska, ya tayar da ƙaramin injin da ke ciki. Tsagar kuwa ya murza auduga ya cusa da bakin cokali, ya bi da fenti. Sai da komai ya kammala ya kai Adjara ta gani, ya gaya mata inda za shi. Ya zo da shirin faɗa, don Adjara ba ta barin ko ta kwana, aikin jinyar tsofaffi a gidajensu ya koya mata jayayya da masu taurin kai. Amma ta zagaya jirgin, ta saurari bayanin ƙishirwa da auduga, ta ce, "Allah ya sa alheri, Baban Sumaya." Ya ɗauka girmamawa ce.

Ranar da za a sa jirgi a ruwa ta dafo wake da shinkafa na sadaka, Issoufou ya zo da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Injin ɗaga jirage, wani ƙaton abu mai ƙafafu huɗu, ya rungumi jirgin da manyan ɗamaru biyu, ya tako da shi a hankali ya saukar cikin ruwa, ɗamarun na riƙe da shi. Mutaru ya hau. Ƙafarsa ta ji wannan lilon da ta sani. Sai ya ciro waya ya yi abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar Alhaji: ya kira Muniru ta bidiyo.

Can yamma ce. Muniru na zaune a rumfar bakin ruwa, ya tsufa, haƙorin gaba ɗaya ya tafi. Mutaru bai gaishe shi ba, ya dai juya wayar a hankali, daga dogon turken ƙyalle har zuwa jan katakon ciki.

"Na waye?"

"Nawa."

"Ina za ka da shi?"

"Tema."

Sai kawuna suka fara cunkusowa bayan Muniru, ana ta "Mutaru ne? Mutarun Alhaji?" Daɗin da ya ji a lokacin, ko ranar aurensa bai ji irinsa ba.

Mai tuƙa injin ɗagawar, wani jibgegen mutum mai jan gemu, ya sauko ya leƙa ciki, ya fito da sauri. Ya ce ruwa na shiga, zai ɗaga.

"Bar shi," in ji Mutaru. "Sha yake yi. Zai rufe."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce haka ne, suna yi wa jiragen katako haka, amma wannan ba katako ba ne, ko shekara zai yi a ruwa ba zai kumbura ba. Ƙarar inji ta hana maganar isa Yeji.

"Me ƙaton nan ke faɗi?" in ji Muniru.

"Wai jirgi na yoyo, zai fid da shi."

"Ya daɗe a tudu?"

"Shekaru."

"Ka sa auduga?"

"Na sa."

"Kai, chale, ɗan'uwa! To ina matsalar? Ashe Bature bai san jirgi ba kwaraa, ko kaɗan! Ka bar shi ya sha. Gaya masa mu 'ya'yan Alhaji ne, a jirgi aka yanke mana cibiya. Kai za a koya wa jirgi, Mutaru? Kai?"

Mu. Kalmar ta shiga jikinsa kamar ruwan zafi a ranar sanyi. Da yana da gaskiya da sai ya juya wayar ga cikin jirgin ta waje, ya ce, Yaya, duba, roba ce. Sai ya miƙa wa Adjara wayar, ya ce ta riƙe daga inda katako kawai ke fitowa. Ya juya kan mai jan gemu ya zazzage masa fushin shekaru, da Turanci da Hausa da hannu: jirginsa ne, kuɗinsa ne, kar wanda ya taɓa. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya koma kujerarsa, ya ce ɗamarun dai ba zai sake su ba.

Mutaru ya ɗauki bokiti ya sauka ciki. Ruwan sanyi ƙarara, ya riga ya rufe idon sawu. Ya ɗaga katakon daɓe, ya zura hannu har kafaɗa, ya lalubo tsagar. Audugar ta fito tana yawo kamar hanjin kifi. Katako in ya fara sha yakan yi laushi, hannu na jin yana motsi. Wannan bakinsa kaifi ne, tauri kamar fasasshen kwano, ruwa na bulbulowa tsakanin yatsunsa. Nan take ya sani, ya riga kowa sani, don hannun nan bai manta komai ba.

Bai fito ba. A sama muryar Muniru ce ke tashi daga wayar, yana ba jama'a labari: yadda wata shekara hadari ya rutsa su da shanu a tsakiyar tafki, yadda yaron nan ya ratsa da su tsakanin kututture ido rufe, yadda Alhaji kan ce Mutaru kifi ne aka yi kuskure aka haifa mutum. Ashe ya tuna. Duk shekarun nan yana sane, ya riƙe a ciki don mugunta. Mutaru ya ci gaba da kwasar ruwa yana watsarwa ta ƙofa, yana kasa kunne, yana zagin wansa a zuci, yana kuma roƙon kar ya yi shiru. Ruwa ya kai ƙwauri. Ya kai gwiwa. Ruwan ya rufe injin da ya sha wahalar tayarwa, warin man dizal ya cika wurin.

"Mon frère, ɗan'uwana, fito!" Issoufou ke ihu daga tudu. "Don girman Allah fito, wanga sha ya yi yawa!"

"Ya fara rufewa?" Muniru ya tambaya.

Mutaru ya leƙo da kai, wando sharkaf. "Ya fara," ya ce. "Adjara, kashe, caji zai ƙare."

Mai jan gemu bai sake neman izini ba. Inji ya yi ruri, jirgi ya tashi sama da kyar, ruwa na tsiyaya daga tsagar kamar fitsarin saniya, ya daɗe bai tsaya ba.

Issoufou ya tuna wai yana da kaya da zai karɓa, ya tari tasi. Suka rage su biyu a bencin jiran bas, kular abinci a tsakaninsu ba a ko buɗe ba. Wayar Mutaru ta fara tsuwa ba ƙaƙƙautawa. Ya duba zauren hirar dangi na waya. Ga bidiyon jirginsa nan a rataye yana zubar da ruwa, fari fat, an ɗauko shi ta waje daga kai har gindi. Adjara ce ta tura. Ƙarƙashinsa saƙon murya daga Muniru, kuma babu dariya a ciki.

"Roba ce ashe! Yara sun gani sun ce faiba ce. Ka tsaya kana kallona ina rantsuwa gaban jama'a a kan bahon wanki? Ka mai da ni mahaukaci a garina? Kar ka sake kirana."

Mutaru ya juyo a hankali.

"Ke kika tura."

"Ni na tura."

"Kin san roba ce."

"Tun ranar da ka kai ni. Ni da nake wanki tun ina 'yar yarinya? Ka taɓa ganin baho ya tsage ya rufe don an jiƙa shi?"

"Shi ne kika yi shiru? Kika dafa wake, kika riƙe min waya?"

"In na faɗa me zai faru? Ka kai a gyara, ka shiga teku, a kira ni a ce an tsinci hularka!" Ita ma muryarta ta tashi, wata mata mai jan kare ta tsallaka ɗaya gefen titi. "Don wa? Don Muniru? Shekara nawa ina kwana da fushin da wani ya dafa a Yeji? 'Yarka ta girma tana tafiya da sanɗa a gidan ubanta. Gara ka ji kunya paa, ka ji ta sosai, ka zauna da rai. Yanzu dai an gama. Kowa ya gani, ba sauran wanda za ka burge."

"Kin tona min asiri a gaban duk Yeji."

"Kai ka tona. Ni bidiyo kawai na ɗauka."

Bas ya iso, ƙofa ta buɗe. Adjara ta ɗauki kular ta hau, ta tsaya a matakala tana jiransa. A fuskarta ya ga abin da ya fi bidiyon ƙona shi: sauƙi. Fuskar wadda ta sauke kaya ce. Ta yi lissafinta tsaf, ta tabbata kunya za ta ɗaure shi a Bronx har mutuwa.

Ya miƙe, takalminsa na fitar da ruwa. Bai hau ba.

"Baban Sumaya?"

Direba ya gaji da jira, ƙofa ta rufe. Ta tagar baya ya ga sauƙin nan na zagwanyewa daga fuskarta, ta ɗora tafin hannu a gilashi, bakinta na motsi. Ya juya mata baya ya koma filin. Mai jan gemu na naɗe ɗamarunsa, ya ɗago ya gan shi, ya gyara tsayuwa kamar mai jiran wani sabon zagi.

Mutaru ya nuna cikin jirgin da haɓa, muƙamuƙinsa a ɗaure.

"Robar nan," ya ce. "Nuna min yadda ake ɗinke ta."